Ɗakin Tsoho a Zango: Wa Ke da Ikon Cewa Tashi?

A ranar 1 ga Yuli 2021 motocin rusau suka shiga filin 'yan gwangwan na Agbogbloshie, a bakin kogin Odaw cikin birnin Akra, da rakiyar jami'an tsaro, suka baje rumfunan da aka shekara da shekaru ana sana'a a cikinsu. A daidai lokacin aka tashi 'yan kasuwar albasa, aka tura su Adjen Kotoku, can bayan gari, bisa umarnin ministan yankin na wancan lokaci, Henry Quartey. Shekara shida kafin haka, bayan ambaliyar 3 ga Yuni 2015 da gobarar gidan mai ta Circle, waɗanda suka ci rayuka kimanin 150, hukumar birni ta rushe wani ɓangare na unguwar Old Fadama da ke daura da kasuwar. Duniya ta san Agbogbloshie da hotunan samari masu ƙona wayoyin lantarki cikin baƙin hayaƙi, kuma su aka fi nunawa da rusau ya zo. Amma saurayi in an rushe masa rumfa yau, gobe zai tsince katakonsa ya kafa wata a wani wuri. Wanda rusau ke karyawa har abada shi ne dattijon da ke gadin buhunan albasa yana kwana a gefensu, da tsohuwar da ke sayar wa leburori koko da ƙosai tun da asuba. Abincinsu da makwancinsu da mutanen da za su lura idan ba su fito ba, duka a wuri ɗaya suke.

A ƙasashe irin su Ostireliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu akwai unguwanni na musamman da kamfanoni ke ginawa domin waɗanda suka yi ritaya. Mutum ya sayar da gidansa, ya biya kuɗi mai tsoka, a ba shi izinin zama har ƙarshen ransa. Babu irin wannan a zangunan Akra irin su Nima ko Maamobi ko Sabon Zango, kuma ba na jin wani dattijon zango yana kwana da burinsa. Inda tsohon zango ke ƙarasa rayuwarsa shi ne ɗaki guda a gidan haya ko gidan gado, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya in an yi sa'a, masallaci a bakin lungu. Duk da haka akwai abin da dokokin waɗancan ƙasashe suka gane wanda dokar Gana ba ta kai gare shi ba tukuna: haƙƙin da ya fi kowanne muhimmanci ga tsoho shi ne kada a tashe shi daga inda yake haka kawai. Magani kyauta da tallafin kuɗi suna amfani ne ga wanda ke da ƙofar da za a ƙwanƙwasa a same shi.

Dokar Niyu Zilan ta 2003 ta isa misali. Dole a yi wa kowace irin wannan unguwa rajista. Kafin tsoho ya sa hannu a yarjejeniyar zama, sai lauyan da ba na kamfanin ba ya yi masa bayaninta ya kuma shaida cewa ya yi. Bayan sa hannu yana da kwanakin aiki 15 da zai iya fasawa. Akwai mai sa ido mai zaman kansa da ke duba kuɗin kamfanin a madadin mazauna, akwai rubutaccen jerin haƙƙoƙinsu, akwai kwamitin sauraron ƙorafi. Afirka ta Kudu ta yi dokarta tun 1988. Waɗannan dokoki ba su hana cuta gaba ɗaya ba, domin a 2017 binciken 'yan jarida a Ostireliya ya tona yadda ake yankar mazauna kuɗin fita masu nauyi ta hanyar yarjejeniyoyin da ko mai ilimi sai ya yi gumi kafin ya fahimta. Amma in aka tuɓe wa dokokin rigar arziki, abin da ya rage bai fi ƙarfin talaka ba: a rubuta sharaɗin zama, a samu wani na uku da ya shaida, kada a kori mutum sai an bi hanya, kuma a samu inda zai kai kuka ba tare da ya ji tsoron kwana a waje ba.

Abin mamakin shi ne zango ya taɓa mallakar kusan duk waɗannan, ba tare da alƙalami ba. A kan dangantakar maigida da baƙo aka gina shi. Fataken goro da na shanu sun sauka a Cow Lane da Zongo Lane, maigida ya ba su masauki, ya tsaya musu a ciniki, ya shige musu gaba in rigima ta taso. Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20 a kan ƙasar da sarakunan Ga suka ba shi, ya riƙa yanka wa mutanensa filaye. Haka Malam Amadu Futa ya samu ƙasar Nima daga gidan Odoi Kwao na Osu a farkon shekarun 1930. Mai binciken nan Deborah Pellow, wadda ta daɗe tana nazarin Sabon Zango, a kan wannan dangantaka ta masu gida da masu sauka ta gina littafinta na 2002. A wancan tsari, baƙon da ya tsufa a gidan maigidansa ya zama ɗan gida. Kunya ce ke tsare masa ɗakinsa, sarkin zango da limami su ne shaidu. Abin da ya sauya shi ne darajar ƙasa da yawan magada. Nima a yau tana zaune tsakanin Kanda da unguwannin masu kuɗi na kusa da filin jirgin sama, tafiyar 'yan mintoci daga fadar shugaban ƙasa, kuma a 2019 ma'aikatar gidaje ta fito fili tana maganar sake gina ta gaba ɗaya. Gidan da mutum ɗaya ya gina yanzu na jikoki da tattaɓa-kunne ne, wasu a Kumasi, wasu a Jamus ko Amurka, da yawansu ba su taɓa jin alkawarin da kakansu ya yi wa Baba na ɗakin ƙofa ba. Alkawarin baki yana mutuwa tare da wanda ya yi shi da waɗanda suka ji.

To me dokar ƙasa ta tanada a madadin wannan? A rubuce, ba kaɗan ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ɗora wa gwamnati tallafa wa tsofaffi yadda za su rayu cikin mutunci, ya kuma umarce ta da yin dokokin kare haƙƙinsu. A 2010 aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Ƙudirin dokar tsofaffi da ya kamata ya ba manufar haƙora ya shafe shekaru yana kai-komo tsakanin ma'aikata da majalisa. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003, ta yafe wa 'yan shekara 70 zuwa sama kuɗin shekara, alhali a shekara 60 ake ritaya, wato akwai shekara goma da mutum ya bar aiki amma bai kai ga yafiyar ba in ba ɗan fanshon hukumar SSNIT ne ba. Shirin LEAP da aka fara a 2008 yana ba da 'yan kuɗi ga waɗanda suka kai 65 a gidaje masu tsananin talauci. Fanshon SSNIT kuwa, a ƙarƙashin dokar 2008, sai wanda ya yi zubi na wata 180 ke cin sa. Mahauci da tela da mai gadi da mai tuyar waina da dillalin albasa, waɗanda su ne ƙashin bayan zango, galibi ba su taɓa shiga wannan littafi ba. Ƙidayar 2021 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama sun kusa miliyan biyu cikin mutum miliyan 30.8. A cikin duk waɗannan tanade-tanade babu wanda ya ce komai a kan ɗakin da tsoho ke kwana.

Wanda ke biyan haya yana da 'yar inuwa. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar adibas da ya wuce na wata shida, ta kuma ce ba a fitar da ɗan haya sai da umarnin kotu bisa dalilan da ta lissafa. Kowa a Akra ya san adibas na shekara biyu ake nema, kuma ofishin kula da haya bai da ƙarfin hana wannan. Ga mai albashi wannan wahala ce. Ga tsohon da kuɗinsa ke shigowa sidi-sidi daga tire ko daga hannun 'ya'ya, takardar kora ce da ba a rubuta kora a kanta ba, domin ya isa mai gida ya jira wa'adi ya cika ya ce a kawo na wata ashirin da huɗu a sabon farashi. Shirin rancen kuɗin haya da gwamnati ta ƙaddamar a Janairun 2023 yana neman shaidar samun kuɗi a kai a kai, wato ya tsallake wannan mutum ke nan. Wanda ya fi shi shiga haɗari shi ne mai zaman alfarma: tsohon yaron gida, almajirin marigayi malam, ƙanwar kaka da aurenta ya mutu ta dawo. Ba ya biyan haya, saboda haka a idon doka ba ɗan haya ba ne. Ba magaji ba ne, saboda haka ba shi da kaso. Shekara arba'in a ɗaki ɗaya ba ta ba shi abin da zai nuna wa alƙali ba.

Sai kuma matar da mijinta ya rasu, wadda a kanta ne ramin dokar ya fi fitowa fili. Dokar gado ta 1985, wadda ta shafi kowa har da Musulmi idan mamaci bai bar wasiyya ba, ta ce in gida ɗaya mamaci ya mallaka, na matarsa da 'ya'yansa ne tare. Gyaran da aka yi mata a 1991 ya mai da korar mata ko ɗa daga gidan aure kafin rabon gado laifi. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ya ceci mata da yawa. Amma in gidan na dangi ne, ba wanda mijin ya gina da guminsa ba, kariyar wata shida ce kawai daga ranar rasuwa. Yawancin tsofaffin gidajen Nima da Sabon Zango irin wannan ne. Mace za ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, ta fito, saura ƙasa da wata biyu doka ta ɗauke hannu daga kanta. A aikace ma, gidajen zango da yawa ba sa zuwa kotu, malamai ake kira su raba bisa shari'a, matar ta samu tumuninta in akwai 'ya'ya, ta raba shi da kishiyoyinta in akwai su. Rabon daidai yake a ma'aunin fiƙihu. Sai dai tumunin kuɗin ɗaki biyu da mijin ya gada ba ya sayen ko ƙofa a Akra ta yau. In tana da 'ya'ya masu hali, shi ke nan. In ba ta haihu ba, ko 'ya'yan sun riga ta, a shekara saba'in za a ce ta koma gidansu, gidan da ta baro a Bawku ko Dogon Dutsi tun tana budurwa.

Duk wata kariya da ke sama tana tambayar takarda, kuma a nan tarihin zango ke ƙara wa tsofaffinsa nauyi. Wanda ya kai 70 yau an haife shi kafin 'yancin kai na 1957 ko dab da shi, lokacin da ba kowa ke yi wa haihuwa rajista ba. Dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi wa aure rajista cikin mako guda, abin da ƙalilan ne suka taɓa yi. Umarnin korar baƙi na gwamnatin Busia a Nuwambar 1969 ya kwashe dubban mutane daga zangunan Gana zuwa Najeriya da Nijar da sauran maƙwabta, ya kuma koya wa waɗanda suka rage su yi nesa da ofis. Har yanzu mai suna irin na Hausa ko Fulani ko Zabarmawa yakan sha tambayoyin da wani ba ya sha kafin a ba shi katin ɗan ƙasa, ko da kakansa a Cow Lane aka yanke masa cibi. Tsohuwar da ba ta iya tabbatar da shekarunta, ko aurenta, ko zamanta 'yar ƙasa ba, dokoki uku ne suka wuce ta gefenta.

Za a ce, kuma masu faɗa suna da hujja, cewa mu ba mu san wannan ba. Addini ya wajabta kyautata wa iyaye, zumunci ya hana a wulaƙanta babba, kuma shigo da takarda tsakanin ɗa da uwa ko tsakanin maigida da baƙonsa zubar da mutunci ne. Gaskiya ne mafi yawan tsofaffin zango a hannun 'ya'yansu suke, ana yi musu abin da babu kamfanin da zai iya. Doka ba ta zo don waɗannan ba, kamar yadda ba a kafa asibitin Maamobi don masu lafiya ba. Batun cewa rubutu rashin yarda ne kuwa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, tsakanin muminai. Inda masu wannan magana suka fi gaskiya shi ne a kan kotu da 'yan sanda. Dokar cin zarafi a cikin gida ta 2007 ta ambaci iyaye da tsofaffin dangi a cikin waɗanda take karewa, ta kuma lissafa danne wa mutum dukiyarsa a matsayin cin zarafi. Amma wace uwa ce a Nima za ta kai ɗanta caji ofis? Za ta gwammace ta kwana a zaure. Saboda haka ƙofar kai kuka dole ta zama wadda tsoho zai shiga ba tare da ya ji ya tona asirin gidansa ba, kuma dokar Gana ta riga ta buɗe ta: dokar sasanci ta 2010 ta amince da hukuncin gargajiya da ɓangarori suka yarda da shi, har ana iya yi masa rajista a kotu ya zama abin zartarwa. Sarakunan zango da limamai, da ofishin Babban Limamin Ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, suna sasanta irin waɗannan rigingimu kullum. Abin da ya rage shi ne a rubuta abin da suka yanke a kai shi inda zai ɗaure magajin da ke ƙasar waje.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Mai gidan zango ba attajiri ba ne. Sau da yawa shi ma tsoho ne, ko gwauruwa ce da hayar ɗaki uku ita ce fanshonta. In doka ta ce ba a tashin tsoho, an ɗora wa talaka ɗaya nauyin wani talakan, kuma masu gida za su daina ba duk mai furfura haya tun farko. Wannan haɗari ne na gaske, kuma duk dokar da ta yi biris da shi za ta cuci waɗanda take son karewa. Amsar ita ce kada a hana tashi, a tsawaita hanyarsa: wa'adi mai tsawo ga wanda ya haura wasu shekaru kuma ya daɗe a gidan, hana neman adibas mai yawa daga tsohon ɗan haya da ke sabunta zama, da wajabta wa alƙali ya tambayi inda mutumin zai koma kafin ya sa hannu. Giɓin kuɗin da wannan zai jawo wa mai gida, na gwamnati ne ta cike, domin ita kundin tsarin mulki ya ɗora wa nauyin. Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 ya fi mai da hankali ga gine-gine da filayen ƙwallo. Biyan hayar ɗaki ɗaya ga tsofaffin da ba su da kowa ya fi kusa da abin da kalmar zango ke nufi tun asali, wato masauki.

Game da Old Fadama, ana cewa mutanen ba su da hujjar ƙasa, kuma haka Babbar Kotun Akra ta yanke a 2002. Ana cewa gidajen sun toshe hanyar ruwa zuwa tafkin Korle, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ƙidayar da mazauna suka yi da kansu a 2009 ta samu kusan mutum 80,000, wasunsu tun rikicin arewa na 1994 suka zo, wato wanda ya iso da ƙarfinsa yanzu ya tsufa a wurin. Rashin hujjar ƙasa ba ya nufin a tashi mutum da asuba ba tare da an san ko yana iya tafiya ba. Gana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin tattalin arziki da zamantakewa a 2000, kuma kwamitin da ke fassara ta ya bayyana tun 1997 cewa tashin mutane, ko da bisa doka ne, yana buƙatar shawara da sanarwa, kuma bai kamata ya bar su a titi ba. Dokar Afirka ta Kudu ta 1998 ta wajabta wa kotu duba halin tsofaffi da yara da naƙasassu kafin ta ba da izinin tashin waɗanda suka zauna ba bisa ƙa'ida ba. Jimla ɗaya ce, kuma babu abin da ya hana a sa irinta a dokar Gana.

Gidajen kula da tsofaffi na kuɗi sun fara bayyana a Akra, yawanci don iyayen waɗanda ke ƙasashen waje, kuma lallai ƙudirin dokar tsofaffi ya tanadi rajistarsu da duba su da haƙƙin mazaunansu, kamar yadda yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta 2016 kan haƙƙin tsofaffi ta nema. Tsorona shi ne a tsaya nan, a yi doka mai kyau ga 'yan ɗaruruwan da ke da gado a irin waɗannan gidaje, a manta da dubban da ke ɗakin ƙofa. Abin da zango ke buƙata daga ƙudirin bai da tsada. A amince da rubutaccen izinin zama na tsawon rai, wanda mai gida zai iya bayarwa tun yana da rai a gaban sarki da limami, ya kuma bi gidan ko an raba gado ko an sayar. A karɓi shaidar waɗannan shugabanni a kan shekaru da aure inda babu takarda. Hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta CHRAJ da hukumar ba da lauya kyauta su riƙa zama a Nima da Sabon Zango a ranakun da aka sani, da mai jin Hausa a teburin. Wa'adin wata shida na gwauruwa a gidan dangi kuwa ba ya ma jiran sabuwar doka. Layi ɗaya ne a gyaran 1991, kuma 'yan majalisar da ke wakiltar Ayawaso da Ablekuma da Odododiodio, waɗanda ƙuri'un zango ke kai su kujera, suna iya gabatar da gyaransa ya zama mace mai shekaru ta zauna a ɗakin mijinta har ta rasu ko ta tashi da kanta.